Idan Aka Karya Ƙa'idar Cin Abinci a Ranar Aiki

Mu ɗauki misalin wani malamin makarantar sakandare wanda likita ya auna shi, ya ga sukarin jininsa ya fara hawa, ya umurce shi da ya rage zaƙi da maiƙo, ya kuma daina cika ciki da dare. Malam ya riƙe wannan ƙa'ida har mako uku. Ran nan sai ya makara, ya fita bai karya kumallo ba, ya shiga aji tun ƙarfe takwas, bai fito ba sai da aka tashi tara. A ofishin malamai ya tarar an kawo fanke da lemun kwalba na sunan ɗan wani abokin aikinsa. Ga yunwa, ga tarin takardun jarrabawa suna jiran a duba su. Hannu ɗaya na riƙe da jan biro, ɗayan na kai fanke baki, har kwano ya ƙare bai san guda nawa ya ci ba. Da ya farga sai ya ce a ransa, tunda yau ta riga ta ɓaci, bari ya ci abin da ya ga dama, ya sake sabon lale ranar Litinin. Litinin ɗin kuwa ba ta zo ba sai bayan wata biyu.

Abubuwa biyu ne suka sami wannan malami. Na farko, ya ci abinci hankalinsa na wani wuri. Na biyu, ya yanke wa kansa hukunci bayan ya ci. A wannan darasi za mu duba abin da masana suka gano a kan kowannensu, za mu kuma ga cewa na biyun ya fi na farkon ɓarna.

Yadda jiki ke sanin ya ƙoshi

Tumbi yana fitar da wani sinadari mai suna girelin, wanda masana a ƙasar Jafan suka gano a shekarar 1999. Yawansa a cikin jini yana ƙaruwa idan lokacin cin abinci ya ƙarato, ya kuma ragu bayan an ci. Idan abinci ya shiga, tumbi yana buɗewa, jijiyoyin da ke jikinsa su aika wa ƙwaƙwalwa saƙo, hanji ma ya saki nasa sinadaran da ke cewa a dakata. Waɗannan saƙonni suna ɗaukar mintuna da dama kafin su kankama, saboda haka mai cin abinci cikin gaggawa kan wuce buƙatarsa kafin labarin ƙoshi ya iso masa.

Sai dai ƙwaƙwalwa ba ta dogara ga saƙon ciki kaɗai. Tana kuma dogara ga tunawa. A shekarar 1998 wani masani a Amurka mai suna Paul Rozin, shi da abokan aikinsa, suka gwada wasu majinyata biyu waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta sami rauni har ba sa iya tuna abin da ya faru 'yan mintuna da suka wuce. Aka ba su abincin rana suka ci. Bayan minti 10 zuwa 30 aka sake kawo musu wani, suka ci. Aka kawo na uku, suka soma ci. Cikinsu a cike yake, amma da yake ba su tuna sun ci ba, babu abin da ya hana su.

Mai lafiya ma yana iya faɗawa cikin ƙaramin nau'in wannan mantuwa. A shekarar 2011 masu bincike a Jami'ar Bristol ta Ingila sun ba rukuni biyu na mutane abincin rana iri ɗaya. Rukuni ɗaya suna ci suna wasan karta a kwamfuta, ɗayan kuwa ba abin da ya ɗauke musu hankali. Bayan rabin sa'a aka ajiye musu biskit. Masu wasan karta sun fi cin biskit ɗin, sun ce ba su ji ƙoshi sosai ba, sun kuma kasa tuna jerin abin da suka ci kamar yadda sauran suka tuna. Takardun jarrabawar malaminmu, da wayar da ke hannun ɗalibi, aiki ɗaya suke yi da wannan karta.

“Tunda ta riga ta ɓaci”

A shekarar 1975 masana halayyar ɗan Adam biyu, Peter Herman da Deborah Mack, suka yi wani gwaji a Amurka da ɗalibai mata na jami'a. Wasu aka ba su kofi ɗaya na madara mai kauri da zaƙi, wasu kofi biyu, wasu ba a ba su komai ba. Daga nan aka kawo musu askirim, aka ce su ɗanɗana su faɗi ra'ayinsu, su ci iya son ransu. Waɗanda ba sa taƙaita abinci sun yi abin da hankali zai ɗauka: wadda ta sha madara ta rage shan askirim. Masu taƙaita abinci kuwa sai suka yi akasin haka. Waɗanda suka sha madarar sun fi shan askirim a kan waɗanda ba su sha ba. Da suka ga ƙa'ida ta riga ta karye, sai suka saki linzami gaba ɗaya.

To, shin da gaske yinin ya ɓaci? Mu yi lissafi. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kimanin kalori 7,700. Babban mutum yana buƙatar kalori 2,000 zuwa 2,500 a yini. Ke nan kafin ya tara kilo ɗaya na kitse, sai ya ƙara abincin kwana uku zuwa kusan huɗu a kan wanda ya saba ci. Kwanon fanke bai kai ko kusa da haka ba. Idan kuwa ya hau sikeli washegari ya ga ya ƙaru, mafi yawan ƙarin ruwa ne da abincin da ke cikin hanji. Jiki yana adana sukari a hanta da tsoka a matsayin gilaikojin, kuma kowane giram ɗaya nasa yana riƙe kimanin giram uku na ruwa; gishiri ma yana riƙe ruwa. Cikin 'yan kwanaki wannan nauyi yake tafiya. Wata biyun da suka biyo baya su ne suka cuci malam.

Wasu kuma, maimakon su saki linzami, sai su hora kansu da yunwa washegari don su rama. A shekarun 1944 da 1945 Ancel Keys na Jami'ar Minesota ya yi gwaji da maza 36 masu ƙoshin lafiya da suka ba da kansu. Aka rage musu abinci kusan rabi har tsawon mako 24, suka zubar da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Hirarsu da tunaninsu duk suka koma kan abinci, har wasu suka shiga tara littattafan girki, kuma da aka sake su da yawansu sun yi ta ci ba ƙaƙƙautawa. Yunwa mai tsanani ita ke haifar da cin da ya wuce kima. Ga mai ciwon sukari da ke shan wasu magunguna ko yin allurar insulin, haɗarin ya fi haka: tsallake abinci na iya kayar da sukarin jininsa, ya kama rawar jiki da zufa, har ya suma. Irin wannan mutum kada ya canza tsarin cinsa sai da shawarar likita.

Wani gwaji na shekarar 2007 ya nuna hanyar da ta fi. Claire Adams da Mark Leary sun sa ɗalibai mata sun ci wani soyayyen abin fulawa mai zaƙi, ɗan'uwan fanke. Aka ce wa wasunsu kada su takura wa kansu, kowa yakan yi irin wannan ci wani lokaci. Da aka kawo alewa daga baya, masu taƙaita abinci da suka ji wannan magana sun ci ƙasa da waɗanda ba a ce musu komai ba. A ganina wannan ya saɓa wa tarbiyyar da yawancinmu muka samu, ta cewa sai da tsawa ake gyaruwa, amma abin da aka auna ke nan.

Da malaminmu ya san wannan, da abin da zai yi kaɗan ne. Abinci na gaba ya ci shi a kan lokaci, daidai yadda likita ya tsara, ba ragi ba ƙari. Ranar da ya san jadawalinsa a cushe yake, ya sa dafaffen ƙwai ko 'yar gyaɗa ko ayaba a jaka, domin yunwa ce ta zaɓar masa fanke. Idan aka tashi tara ya ajiye biro na minti goma, ya ɗebi abin da zai ci a faranti ya matsa daga kwanon, ya tauna a tsanake yana kallon abin da yake ci.

Ga ɗalibai kuma akwai gargaɗi. Jikin da ke girma yana buƙatar abinci isasshe, kuma rage ci don neman siranta a wannan shekaru na iya kawo ƙarancin jini da kasa mai da hankali a aji. Ɗalibin da ya ga tunanin abinci ko na ƙiba ya dame shi, ya sanar da iyayensa ko malaminsa a kai shi asibiti. Darasin natsuwa wajen ci shi ne ya shafi kowa.

Aiki a aji

Malami ya sa ɗalibai su kawo kwalabe ko gwangwanayen lemu da aka shanye, su karanta yawan sukarin da aka rubuta a jiki, su lissafa na kwalbar gaba ɗaya, su raba da 4 don samun adadin cokalin shayi. Su kwatanta da shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shekarar 2015, wadda ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin yini, wato kimanin giram 50 ga mai cin kalori 2,000. Sannan kowane ɗalibi ya ci abincin dare ɗaya yana kallon waya ko talabijin, wani daren kuma ba tare da su ba, ya rubuta da safe abin da ya iya tunawa na kowanne, a kawo aji a tattauna.