Nawa Ake Biya Idan Likita Ya Zo Gida Ya Hutar da Dabba?

Aikina duba dabbobi ne a tsakanin Rano da Kibiya, kuma akwai wata tambaya da mutanenmu ke jin nauyin yi mini ita kai tsaye. Sai an gama gaisuwa, an tambayi iyali da gajiya, sannan mutum ya sassauta murya ya ce, "Likita, dokin nan fa ya ƙi tashi, kuma wahalar ta yi yawa. Idan za a hutar da shi, nawa ne?" Wasu ma ba sa kira sam, don sun riga sun yanke cewa abin na masu kuɗin birni ne. Saboda su nake wannan rubutu, domin kwanakin da ake ɓatawa ana tsoron kuɗin, dabbar ce ke biyan su da azaba.

Akuya ko tunkiya ko saniya ba su cika shiga wannan hali ba, tunda da an ga alamar ba za su kai ba ake ɗauko wuƙa kafin su zama mushe. Waɗanda ake bari a turke suna nishi su ne waɗanda ba a cin namansu: dokin hawan salla, jakin da ya tsufa yana ɗaukar taki da yashi, karen farauta, kyanwar gida. Wasu suna ganin kamar zunubi ne a ƙarasa su. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, irin su Muhtasar na Shehu Halilu, sun halatta a yanka dabbar da ba a ci idan an fid da rai da ita, don a raba ta da wahala. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malamin unguwarsu, ni ma na fi son haka.

Farashi ɗaya babu shi, kuma duk wanda ya yanka maka kuɗi a waya bai tambayi wace dabba ce ba, bai tambayi inda kake ba, to ka yi hattara da shi. Abu na farko da ake biya shi ne zuwan da dubawar. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin hanya ya zama babban kaso a lissafin. Shiga wata unguwa a cikin garin Rano daban yake da tafiya Rurum ko Zurgu, haka nan mai zuwa Tarai ko Durba da damina ya san abin da babur ɗinsa zai sha. Kada a raina wannan dubawa. Sau da yawa na je da niyyar hutar da dabba na dawo ban yi ba, saboda abin da ke damunta yana da magani. Kare ko kyanwa da suka karye a ƙafa galibi suna warkewa idan aka gyara karayar. Dokin da ke birgima da ciwon ciki, idan aka kira da wuri, sau da yawa ana shawo kansa.

Amma dokin da babban ƙashin ƙafarsa ya karye har ya huda fata, wannan wata magana ce. Ina girmama masu ɗori, na ga aikinsu a jikin mutane da ƙananan dabbobi. Sai dai doki ba ya iya kwanciya wata guda yana jinya, kuma ba ya iya ɗora nauyinsa a kan ƙafa uku na dogon lokaci ba tare da kofaton sauran sun lalace ba. Raunin zai ruɓe, ƙudaje su yi masa tsutsa, ya daina cin harawa, jikinsa ya yi gyambo a gefen da yake kwanciya. Na sha tarar da mai doki ya kashe kuɗin ɗori da allurai na makonni, kuɗin da ya ninka na hutarwar, ƙarshe kuma a zo inda ake gudu. Ba rowa ce ke sa su haka ba, ƙauna ce, na sani. Mutumin da ya yi shekaru yana yi wa doki wanka da hannunsa ba zai so a ce masa ya haƙura ba. Duk da haka aikina ne in faɗa masa gaskiya tun ranar farko.

Abu na biyu da ake biya shi ne maganin hutarwar kansa. Da nauyin jiki ake auna shi, kuma doki ya ninka kyanwa nauyi kusan sau ɗari, don haka kuɗinsu ba zai taɓa zuwa ɗaya ba. Yawancin magungunan daga waje ake shigo da su, faɗuwar darajar naira ta taɓa su, wasu kuma doka ta tsare su, ba a sayar wa kowa sai likita mai rajista. Yadda ake yi, ana fara ba dabba allurar da za ta kwantar da ita ta yi barci mai nauyi har ta daina jin komai, sannan a ba ta ta biyu a jijiya wadda ke tsayar da numfashi da bugun zuciya. Idan an zo neman ragi, kada a yarda a rage ta farkon. Ita ce rahamar da ke cikin aikin gaba ɗaya. Ina kuma gaya wa mutanen gida tun kafin in fara cewa ido zai iya zama a buɗe, jiki zai iya ɗan motsawa, fitsari zai iya zuba, kuma duk wannan ba alamar jin zafi ba ne. Ba na barin wurin sai na saurari ƙirji na tabbatar zuciya ta tsaya.

Kuɗin da mutane ke mantawa da shi shi ne na rami. Dabbar da aka yi wa wannan allura, namanta ya zama guba. Idan aka ja ta aka yar a bayan gari, karnukan unguwa da ungulu za su ci su mutu. Dole a binne ta da zurfi, na doki ya kai kamar mita 2, nesa da rijiya da rafi da hanyar ruwan noman rani, a ɗora duwatsu ko ƙaya a kai. Da rani ƙasar wajenmu tauri gare ta, ga duwatsu a wasu wuraren, masu haƙa kuma ba kyauta za su yi ba. A nan ne ake iya rage kuɗi da dabara: a haɗa samarin gida su haƙa tun kafin likita ya iso, idan kuma dokin yana iya takawa a kai shi bakin ramin a yi aikin a can, a huta da neman amalanke.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne hanyoyin da ake ɗauka a matsayin masu sauƙi. Ana zuba wa kare fiya-fiya ko shinkafar ɓera a cikin tuwo. Wanda ya taɓa ganin irin wannan mutuwa ba zai sake ba da shawararta ba: kumfa a baki, zawo, karkarwa, dabbar tana shaƙewa da saninta. Ragowar tuwon kuma kaji na nan, yara masu rarrafe na nan. Ana kuma sayar da jakin da ya gaza ga masu neman fata, a jefa shi a mota ya yi doguwar tafiya ba ruwa ba ci, alhali Tarayyar Afirka ta amince da hana yanka jakuna don fatarsu tun watan Fabrairun 2024. Idan babu halin kiran likita ko kaɗan, yankan gwani da wuƙa mai kaifi ya fi duk waɗannan tausayi ga jaki ko doki.

Karen da ake zargin ya haukace shi ne wanda ba a tsayawa cinikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a duk shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma da alamunsa sun bayyana a jikin mutum kusan babu tsira. Kada a taɓa karen da hannu, kada a sayar wa masu saye su kai kasuwar karnuka ta Dawaki a jihar Filato. A rufe shi inda ba zai kai ga kowa ba, a sanar da ofishin kula da dabbobi na ƙaramar hukuma. Idan ya zama dole a kashe shi, kada a fasa kansa, don ƙwaƙwalwar ake gwadawa a wurare irin cibiyar binciken dabbobi ta Vom. Wanda ya ciza kuma a wanke masa wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a kai shi asibiti a ranar don a fara masa allura, ba sai an jira sakamako ba. Rigakafin da ake yi wa kare duk shekara bai kai kuɗin allurar mutum ɗaya da aka ciza ba, mafarautanmu su lura da wannan.

Idan za ku kira likita, ku faɗa masa wace dabba ce, girmanta, yaushe ta kwanta, wace allura aka riga aka yi mata, da ko ta ciji wani. Ku nemi ya rarrabe muku kuɗin hanya da na dubawa da na magani, kowanne daban. In akwai maƙwabcin da ke son a duba masa awaki ko a yi wa karensa rigakafi, ku haɗa rana ɗaya ku raba kuɗin man.