Tsoka Mai Aiki Ita ke Shanye Sukari

Ciwon sukari ya daina zama cutar attajiran Maradi kaɗai, ya iso Gidan Rumji da Tibiri. Mu ma'aikatan lafiya, idan muka soki yatsar wanda bai karya kumallo ba, awo ya kai giram 1,26 a lita har sau biyu, mun san ciwon ya kama shi. Ga yadda abin yake: tuwo da fura suna narkewa su zama sukari a jini, insulin kuma shi ne mabuɗin da ke shigar da shi cikin tsoka. Yawan zama da tumbi suna sa ƙofar tsokar ta cije, sai jiki ya ƙara zubo insulin, sukari kuwa ya taru. Amma tsokar da ke aiki tana jan sukari da kanta, kuma bayan aikin takan yi kwana ɗaya zuwa biyu tana saurin amsa wa insulin. Shi ya sa mai motsa jiki a kai a kai, insulin kaɗan ke isar sa. Wani binciken da aka fitar a Amurka a 2002 ya nuna tafiyar minti 150 a mako tare da rage ƙiba ta rage kamuwa da kashi 58 cikin ɗari ga waɗanda ke dab da ciwon, ƙwayar metformin kuwa kashi 31.

Wani zai ce mu manoma ne, hauya ta ishe mu. Gaskiya ne da damina. To, bayan an ɗaure gero an kai rumbu fa? Sai zaman fada, shayi zagaye uku cike da sukari, zuwa kasuwa a kan kabu-kabu, injin niƙa kuma ya karɓe daka. Amfanin da ke gushewa cikin kwanaki ba a ajiye shi kamar damin hatsi, noman Agusta ba ya kare jini a Maris.

Wani kuma zai ce to a bar magani. A'a, tafiya abokiyar magani ce. Mai allurar insulin ya nemi shawarar likita tukun, ya riƙe dabino saboda jiri da rawar jiki idan sukari ya faɗi, ya sa takalmi, ya duba tafin ƙafarsa kullum. Jama'a, mu taka da sauri minti 30 bayan asuba ko la'asar, kwana biyar a mako, kada mu tsallake fiye da kwana biyu a jere.