Ƙafa Ɗaya Ta Kumbura Bayan Doguwar Tafiyar Jirgi? Kada a Murza Ta

Makon jiya, bayan sallar isha'i, aka shigo mana da wani ɗan kasuwa sashen gaggawa, mutum huɗu na riƙe da shi. Bai kai shekara 50 ba, ƙaƙƙarfa, mai jiki, irin mutanen nan da za ka ce ko ciwon kai ba su sani ba. Numfashi yake sama-sama, gumi ya jiƙe masa riga sharkaf. Oksijin 78, bugun zuciya ya haura 130, awon jini kuma sai zamewa ƙasa yake yi. Na saurari ƙirji, huhu tas, babu ƙarar komai. Mutum na haki haka amma huhu shiru, duk wanda ya daɗe a wannan aiki ya san inda zai duba. Na ce a ɗage masa wando. Ƙafar hagu ta yi suntum daga sha-raɓa har cinya, tana ƙyallin man zafi, ga sawun ƙaho a bayanta, jinin ma bai gama bushewa ba.

Na tambayi ƙaninsa ko ya yi tafiya kwanan nan.

"E, likita. Yau kwanan Yaya tara da dawowa daga Chaina. Tare muka je."

"Kun gaya wa waɗanda suka duba shi kafin mu?"

"Wallahi likita ba wanda ya tambaya."

Sauran labarin daga bakin ƙanin na ji shi, bayan komai ya lafa. Alhaji ya daɗe yana sarin kaya a Guangzhou, ya san hanya, yana da tsarinsa da yake alfahari da shi. Kujerar jikin taga yake zaɓa kullum don kada wani ya tashe shi. Ƙarƙashin kujerar gabansa, inda ya kamata ƙafa ta miƙe, nan yake cusa jakar samfur don kada a caje shi kuɗin ƙarin kaya. Kafin ya bar gida wani yaron kemis ya ba shi diazepam, ya ce ya haɗiyi biyu da zarar jirgi ya ɗaga, sai dai a tashe shi a Addis Ababa. Ruwa kuwa ba ya sha a jirgi, saboda ba ya son banɗakin jirgi, ba buta, kuma ba ya samun natsuwa da tsarkinsa. Haka ya yi awa goma da wani abu a naɗe, gwiwa a lanƙwashe, kai a jikin taga, ko motsi babu. Ƙanin ya ce har sha'awarsa ya yi, shi da ya kasa runtsawa.

A Addis akwai jira na awoyi. Alhaji yana da katin banki mai shigar da mutum falon hutawa na filin jirgi, ƙanin ba shi da shi. Saboda haka ƙanin ya yi ta gararamba a waje, neman masallaci, neman wurin cajin waya, leƙa shaguna. Alhaji kuwa ya shiga falo, ya ci ya ƙoshi, ya nutse cikin lallausar kujera, ya ɗora ƙafa kan ƙafa, sauran maganin da ke jikinsa ya sake kwashe shi. Sai da ƙanin ya yi ta kiran waya kafin ya fito. Daga nan wata kusan awa biyar zuwa Kano, sannan mota zuwa garinsu. In ka haɗa, mutumin nan ya kusa kwana ɗaya cur jinin ƙafarsa bai sami mai tura shi sama ba.

Kwana biyu da sauka, sha-raɓar hagu ta fara ciwo. Aka ce gajiyar hanya ce, uwargida ta gasa masa da ruwan zafi. Kwana huɗu ƙafa ta kumbura. Aka koma wa kemis ɗin nan dai, ya ce sanyin jirgi ne ya shige shi, ya yi masa allurar diclofenac, ya haɗa masa da maganin maleriya da taifot, don a wurinsu ba ciwon da ba maleriya da taifot ba. Da abin ya ƙi, aka kira mai ɗori, ya ce jijiya ce ta harɗe, ya zauna ya murje ƙafar nan da man zafi, Alhaji na cije baki. Rana ta tara wanzami ya zo ya ce mataccen jini ne, ya kafa ƙaho, aka ƙara da tausa. Da magariba Alhaji ya tashi zai yi alwala, ya dafe ƙirji, ya faɗi.

Mun yi abin da za mu iya. Oksijin, heparin, ruwa da lissafi. Hoton zuciya a bakin gado ya nuna ɓangaren dama ya buɗe, yana fama da abin da ya toshe gabansa. Bai da ƙarfin da za a kai shi hoton CT. Maganin narkar da gudajin jini ba abu ne da ake samu a kowace kusurwa da tsakar dare ba, kafin a kawo shi zuciyar ta tsaya. Ya rasu kafin asuba. Allah ya jiƙansa, ya ba iyalansa haƙuri.

'Yan'uwa suka ce kwana ne ya ƙare. Haka ne, ba mai ja da wannan. Amma ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne kwana bakwai da ƙafar nan ta yi tana kira, kuma mutum uku da ke karɓar kuɗin jama'a da sunan magani suka taɓa ta, ba wanda ya yi tambaya ɗaya tak. Da ya zo mana rana ta biyu ko ta huɗu, hoton Doppler ne da ƙwayoyin rivaroxaban na wata uku, ya koma shagonsa.

Ƙafa ɗaya ta kumbura bayan doguwar tafiya, gudajin jini ne har sai hoto ya ce ba shi ba ne. Ba a murzawa. Ba a gasawa. Ba a kafa ƙaho. Asibiti, a ranar.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Tun 1940, lokacin da Jamus ke ruwan bama-bamai a Landan, wani likitan binciken gawa mai suna Keith Simpson ya lura mutane na ta mutuwa da gudaji a huhu bayan sun kwana zaune kan kujeru a maɓoyar ƙarƙashin ƙasa. Da aka sa musu gadaje suna miƙewa, mace-macen suka ragu. Babu jirgi a wannan labari, kujera ce kawai da lanƙwasasshiyar gwiwa. A shekarar 2000 wata 'yar Birtaniya, Emma Christoffersen, mai shekara 28, ta faɗi a filin jirgin Heathrow bayan ta sauka daga Ostireliya, ta rasu, kuma mutuwarta ce ta sa duniya ta farka. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon bincikenta: zaman awa 4 ko fiye yana ninka haɗarin kusan sau biyu, a jirgi ne ko a mota ko a jirgin ƙasa, kuma wajen mutum 1 cikin 6,000 ne abin ke samu. Adadin ba shi da yawa, ban ce kowa ya tsorata ba. Sai dai ka tuna yawan mutanenmu da ke hanyar Guangzhou da Dubai da Jidda da Delhi a kowane wata. Binciken ya kuma nuna haɗarin ba ya ƙarewa da saukar jirgi, yana bin mutum har wajen mako huɗu, kuma mai jera tafiye-tafiye kusa da juna yana tara wa kansa ne. 'Yan kasuwa masu zuwa Chaina su dawo su wuce Dubai a wata guda, da ku nake.

Kuma a daina ɗora wa kujerar ikonomi laifin duka. Ƙungiyar likitocin ƙirji ta Amurka, a ƙa'idojinta na 2012, ta ce babu ƙwaƙƙwarar hujjar cewa ajin kujera ne ke kawo gudaji. Abin da ta ambata shi ne zaman jikin taga, don mai taga ba ya tashi. Ikonomi matsatsi ne, gaskiya, tsakanin kujera da kujera inci 30 zuwa 32 ne a yawancin jirage, kuma dogon mutum yana shan wuya. Amma mai ikonomi da ke kujerar bakin hanya, yana miƙewa duk bayan awa ɗaya ko biyu, yana taka ƙasa da yatsu da dunduniya yana zaune, ya fi mai bizines da ya haɗiyi ƙwaya ya sandare.

Maganar falon hutawa kuwa, ba ni da faɗa da shi. In katinka na shigar da kai, ko kana da Priority Pass, ko za ka iya biya a ƙofa, shiga. Akwai banɗaki mai tsabta, da yawa akwai wurin wanka, akwai ruwa da shayi ba iyaka, za ka yi alwala a natse ka yi sallarka a tsaye da ruku'u da sujada, wanda shi kansa alheri ne ga jijiyoyin ƙafa. Wannan shi ne amfaninsa ga mai doguwar tafiya. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda mutanenmu suka mayar da shi wurin ɗaukar hoto da ramuwar kuɗi: a cika faranti sau uku, a nutse a kujera, a harɗe ƙafa. Ka sauko daga zaman awa goma, Allah ya ba ka awa huɗu ko biyar da ƙafarka za ta taka ƙasa, sai ka je ka sayi wani zaman da kuɗinka. Filin jirgin Dubai ko na Istanbul, daga wannan ƙofa zuwa waccan kaɗai tafiya ce mai kyau. Ka taka tukuna, ka yi wanka, sannan ka zauna. Af, kuma yawancin falukan nan ba sa shelar tashin jirgi, wanda ya yi barci a ciki shi ya sani.

Maganin barci. Ban san sau nawa zan faɗa ba. Barcin Allah da Annabi mutum na juyi, yana gyara ƙafa, matsi na tashinsa. Barcin diazepam ba ya juyi. Yaron kemis da ke ba matafiyi wannan ƙwaya ba tare da takardar likita ba, bai san nauyin mutumin ba, bai san ko yana minshari mai ɗauke numfashi ba, bai san ko ya taɓa yin gudaji ba, kuɗinsa kawai ya sani. Haka masu cewa a sha asfirin kafin a hau jirgi wai yana tsinka jini. Ƙa'idojin 2012 ɗin nan sun ce kada a sha shi don tafiya kawai. Mai gyambon ciki ya sha ya sauka da baƙin bayan gida, wa gari ya waya?

Ruwa: iskar cikin jirgi busasshiya ce, danshinta bai cika kai kashi 20 cikin 100 ba. Hujjar cewa ƙishirwa kaɗai na haddasa gudaji ba ta da ƙarfi, amma ni ina sa marasa lafiyata su sha, don mai shan ruwa dole ya tashi fitsari, tashin kuwa shi nake nema. Matsalar tsarki tana da sauƙi, ƙaramar robar ruwa ta isa ta zama buta. Iyayenmu mata su ne suka fi damuna a nan. Hajiya za ta zauna jikin taga daga Kano har Jidda, ba ci ba sha, don tana kunyar ta ce wa namijin da ke gefenta ya tashi ta wuce. 'Ya'ya masu saya wa iyaye tikiti, ku zaɓa musu kujerar bakin hanya tun wurin biya. Masu Umarar azumi kuma, rangwamen matafiyi yana nan, ku tambayi malamanku.

Akwai waɗanda ba shawarar Facebook za su bi ba, likita za su gani kafin su sayi tikiti: mai ciki, mai jego a cikin mako shida na farko, mai shan ƙwayar tazarar haihuwa mai estrogen, mai ciwon daji, mai ƙiba sosai, wanda ƙafarsa ke cikin filasta, da duk wanda ya taɓa yin gudaji ko aka yi a gidansu. Wasu safar matsi za mu rubuta musu, ta ƙasan gwiwa, mai ƙarfin 15 zuwa 30 mmHg, wadda aka auna ƙafa kafin a saya. Ba safar ƙwallo ba, kuma ba a naɗe bakinta ƙasa, in ka naɗe ka ɗaure jijiya ke nan. Mai ciwon suga da jini ba ya isa ƙafarsa sosai kada ya sa sai an duba shi. Wasu kuma sai allurar enoxaparin, wannan hukuncin likita ne, ba na kemis ba.

Masu sikila, iskar cikin jirgi daidai take da ta kan tsauni mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400, kuma Addis Ababa kanta tana sama da mita 2,300, saboda haka jiran can ba hutu ba ne ga jininku. Ku zo a yi shiri.

Kumburin idon sawu biyu bayan sauka, wanda ke sacewa in an kwana an ɗaga ƙafa, yawanci ba komai ba ne. Ƙafa ɗaya nake magana, mai ciwo, mai ɗumi, wadda in ka sa tef ɗin tela ta fi 'yar'uwarta da santimita 3. Ko haki ba dalili, ko sukar ƙirji in an ja numfashi, ko tari da jini, ko jiri da faɗuwa, ko da ƙafar lafiya lau take, ko da an yi mako uku da dawowa. Kada a murza. Na sake faɗa, kada a murza, kuma kada a bari mai ɗori ya zo kusa.

Waɗanda suka fi tsaya mini a rai yanzu su ne masu dawowa daga aiki a Indiya ko Masar. An canza wa Baba gwiwa ko ƙugu, ko an yi wa Hajiya aikin ciki, kuɗin masauki na cin aljihu, sai 'ya'ya su nemi tikiti mafi kusa kuma mafi araha, mai zango biyu, a turo tsoho a keken guragu a dasa shi jikin taga. Tiyata ita kaɗai babban dalilin gudaji ce, balle an ɗora mata zaman awa goma sha. Kafin ku sayi tikitin dawowa, likitan da ya yi aikin ya rubuta ranar da ya yarda a tashi, da maganin da za a sha ko allurar da za a yi a hanya, kuma maganin ya kasance a jakar hannu, ba cikin akwatin da aka auna ba.