SSD Biyu a RAID: Ina Riba, Ina Haɗari?

Masu haɗa kwamfutar tebur a gida sukan tambaya: na sayi SSD biyu, in haɗa su a RAID? Amsar ta danganta da wane irin RAID.

RAID 0 yana yanka kowane fayil, ya raba shi tsakanin faifan biyu. SSD biyu masu 500GB sun zama 1TB, gudu ya ƙaru. Amma fa ɗaya ya mutu, komai ya tafi, don rabin fayil ba ya buɗuwa. Gudun ma bai taka kara ya karya ba: SSD na SATA iyakarsa wajen 550MB a daƙiƙa, biyu su ba ka kusan 1,100MB, alhali NVMe guda ɗaya yana iya kaiwa 3,500MB.

RAID 1 kuwa madubi ne. Abin da aka rubuta a wannan, shi ake rubutawa a wancan, don haka 500GB kawai za ka mora. In ɗaya ya lalace, aiki ya ci gaba. Sai dai rubutu ne ke tsufar da SSD, kuma faifai biyu masu ɗaukar rubutu iri ɗaya suna iya gajiya kusan lokaci guda.

Ku riƙe wannan: RAID ba ya maye gurbin ajiye kwafi. Ka goge babi na huɗu na kundin kammala karatunka, nan take ya gogu a duka biyun. Bairos, ɓarawo, ko wutar da ta dawo da ƙarfi ma ba sa barin ɗaya. Ajiye kwafi a faifan waje, ka cire shi daga kwamfutar, ka ɗora wani a Google Drive.