Darasin Wannan Wata: Kula da Farfelar Injin Jirgi da Ƙarfen Fansa

A shekarar 1968 aka kammala madatsar ruwa ta Kainji. Ruwa ya taru ya mamaye gonaki da dazuzzuka har zuwa ƙasar Yauri. Itatuwa da yawa sun nutse a tsaye. Har yanzu kututturansu suna nan a ƙarƙashin ruwa, ido ba ya ganinsu. Masunta da masu jigilar fasinja suna bi ta kansu kullum da jirage masu inji. Haka abin yake a Tafkin Chadi da kogin Binuwai, inda yashi da ciyawa da tsofaffin taruna suke jiran jirgi.

Duk abin da ke ɓoye cikin ruwa, farfela ce take fara haɗuwa da shi. Idan farfela ta faɗi a tsakiyar tafki, injin zai yi ta ƙara amma jirgi ba zai motsa ba. Ga mata da yara a ciki, ga buhunan hatsi, ga hadari ya haɗo. Abin da yake jawo irin wannan masifa sau da yawa bai kai ɗan yatsa girma ba. Wannan darasi zai yi bayanin waɗannan ƙananan ƙarafa, da yadda mai jirgi zai kula da su da hannunsa.

Yadda farfela take zaune

Farfelar yawancin injunan jirage ta alminiyam ce, mai fukafukai uku. Tana zaune a kan wata sandar ƙarfe da ta fito daga cikin giya. Abubuwa huɗu ne suke riƙe da ita:

1. Washa mai kauri. Ita ake fara sakawa a bayan farfela. Ita ce take ɗaukar ƙarfin turawa.
2. Ƙaramar washa. Tana zama a gaban farfela.
3. Noti mai tsage-tsage a ka. Shi yake matse komai.
4. Tsinken ƙarfe mai ƙafa biyu. Yana ratsa tsagar noti da hudar sanda. Shi yake hana noti kwancewa.

Idan aka manta da washa mai kauri, farfela za ta riƙa gugar jikin giya har ta cinye shi. Idan babu tsinke, girgizar inji za ta kwance noti a hankali, farfela ta zame ta tafi ƙasan ruwa.

Abin da aka yi don ya karye

Wasu ƙananan injuna suna da wani tsinke dabam, gajere, mai laushi. Shi yake haɗa farfela da sanda. Da gangan maƙeran injin suka yi shi da laushi. Idan farfela ta bugi kututture, tsinken ya karye, haƙoran giya su tsira. Sai a sa sabo a ci gaba da tafiya.

A nan ne mutane da yawa suke kuskure. Tsinke ya karye, sai su yanko ƙusar kafinta su cusa. Ƙusa ba ta karyewa a lokacin da ya kamata. Ranar da aka sake bugun kututture, sai bugun ya wuce kai tsaye cikin giya. An tsere wa sayen ɗan tsinke, an faɗa sayen giya sukutum. Araha ba ta ado.

Manyan injuna kuma roba ce a cikin cibiyar farfelarsu. Idan an yi karo, robar ta zame. Alamar robar da ta gaji ita ce a ƙara wuta, inji ya yi kuka sosai, amma jirgi yana jan ciki. Ana iya gwadawa. A ja layi ɗaya da fenti daga noti zuwa jikin farfela. A yi ɗan zagaye a dawo. Idan layin ya rabu biyu, robar ta mutu. Sai a sake roba ko a sake farfela.

Yadda ake kwance farfela

Mai jirgin da yake aiki kullum ya kamata ya kwance farfela sau ɗaya a wata. A yi aikin a kan tudu ko a bakin gaɓa. Kada a yi shi a kan ruwa mai zurfi, domin notin da ya faɗi ba ya dawowa.

1. A kashe inji, a sa giya a firi, a cire murfin fulogi. Wannan yana hana inji tashi ba zato.
2. A sa guntun katako tsakanin fiffike da faffaɗan ƙarfen da ke saman farfela. Kada a riƙe farfela da hannu. Bakinta yana yanka.
3. A miƙe ƙafafun tsinke da filaya, a zare shi.
4. A kwance noti da sifana daidai da shi.
5. A zare kaya ɗaya bayan ɗaya. A jera su a kan tsumma kamar yadda suka fito.
6. A goge sanda tas, a duba bayanta da kyau.

Zaren taru maƙiyin giya ne

Abin da za a duba a bayan sanda shi ne zaren taru da na mamari. Zaren roba yana naɗewa a can inda ba a gani. Yana juyawa tare da sanda, ya yi zafi, ya yanke robar da ke tare man giya. Daga nan mai ya riƙa fita, ruwa ya riƙa shiga.

A cire zaren duka da wuƙa a hankali, kada a soki robar. Bayan haka a ɗan kwance ƙusar man giya ta ƙasa, a bar ɗigo biyu ko uku su fito. Mai lafiyayye yana da duhu ko launin zuma. Idan ya fito fari-fari kamar an dama shi da madara, ruwa ya shiga. A kai wa makanike ya sake roba da mai kafin a sake tafiya. Ko babu ruwa, ana sake man giya bayan aikin awa 100.

Mayar da farfela

A shafa giris a jikin sanda, irin wanda ruwa ba ya wankewa. Farfelar da ba a shafa wa giris ba takan manne da sanda, har sai an sa guduma. A mayar da washa mai kauri, sai farfela, sai ƙaramar washa, sai noti. A fara murɗa noti da hannu, sannan a ƙarasa da sifana.

Idan noti ya matsu amma tsagarsa ba ta yi daidai da huda ba, a ƙara matse shi kaɗan har su haɗu. Kada a sassauta shi. A sa sabon tsinke wanda ba ya tsatsa, a lanƙwasa ƙafafunsa biyu. Tsohon tsinke ya riga ya gaji da lanƙwasa, ba a mayar da shi. Waya da ƙusa ba sa maye gurbinsa, tsatsa take cinye su.

A duba fukafukai. Ɗan ƙaramin tsagu a baki ana iya goge shi da magagari. Amma fiffiken da ya lanƙwashe ko ya gutsure yana sa girgiza. Girgiza tana cin mai, tana kuma lalata giya.

Akwai lambobi biyu a jikin kowace farfela, misali 9¼ x 9 a injin doki 15. Lamba ta farko faɗin farfela ce a inci. Ta biyu ita ce nisan da take tura jirgi a juyi ɗaya. Jirgin da ke ɗaukar kaya masu nauyi ya fi son ƙaramar lamba ta biyu. Mai jirgin da ya koyi karatu sai ya rubuta lambobinsa a takarda kafin ya tafi kasuwa. Ba wanda zai sayar masa da abin da bai dace ba.

Ƙarfen fansa

A ƙafar inji, kusa da farfela, akwai wani guntun ƙarfe mai launin toka wanda ba shi da fenti. Sunansa anod. Aikinsa ya lalace domin inji ya zauna lafiya. Shi ya sa ya cancanci a kira shi ƙarfen fansa.

Ga dalili. Jikin inji alminiyam ne, sandar farfela da ƙusoshi kuma wani ƙarfe ne dabam. Idan ƙarafa iri biyu suka haɗu a cikin ruwa, wata 'yar wutar lantarki tana gudana tsakaninsu. Wannan wuta tana cin ƙarfen da ya fi rauni. Kowa ya taɓa ganin tsohon batirin tocila da jikinsa ya huje. Jikin nan tutiya ce, wuta ce ta cinye ta. Abin da ke faruwa ke nan a ƙarƙashin jirgi. Sai aka ɗaura wa inji ƙarfen da ya fi kowanne rauni, domin cin ya koma kansa. Wani masani ɗan Ingila, Humphry Davy, shi ya fara gwada wannan dabara a jiragen ruwan ƙasarsu a shekarar 1824.

Anod iri uku ne. Na tutiya na ruwan gishiri ne, kamar na Legas da Fatakwal. A ruwan daɗi yakan yi ɓawo ya daina aiki. Na maganiziyam na ruwan daɗi ne kaɗai, kamar na Kainji da Tiga. Ruwan gishiri yana cinye shi da sauri. Na alminiyam na musamman yana aiki a ruwan gishiri da ruwa mai zartsi, yana kuma yi a ruwan daɗi. Wanda ya sayi injin tokumbo ya duba anod tun ranar farko, domin wataƙila a teku injin ya yi aiki.

Dokokin anod kaɗan ne:

1. Ba a yi masa fenti, ba a shafa masa mai ko giris. Anod da aka rufe ba ya kare komai.
2. Idan ya yi ɓawo ko gansakuka, a goge shi da samfefa har ya yi haske.
3. Idan rabinsa ya cinye, a sa sabo.
4. Wurin zamansa ya zama tsirarar ƙarfe, ba fenti, ba datti. Dole jikinsa ya taɓa jikin inji sosai.
5. Idan shekara ta zagayo yana nan sumul, fenti kuma yana kumbura a ƙafar inji, to ba ya aiki. Inji ne ake ci.

A wasu injuna anod ɗin yana da siffa kamar ƙaramin fiffiken kifi a saman farfela. Wannan yana da aiki na biyu, yana hana jirgi karkata gefe ɗaya. Kafin a kwance shi a yi alama inda ya fuskanta, a mayar da sabo daidai wurin.

Idan an gama aikin rana, a ɗaga ƙafar inji daga cikin ruwa. Ƙarfen da ba ya kwana a ruwa ya fi daɗewa.

Ƙusar da ta ƙi kwancewa

Ƙusa mai zare ce take riƙe anod. Idan ta daɗe a cikin alminiyam, wani farin gari yakan taru a zarenta ya kama ta. Ƙarfi ba ya kwance ta, sai dai ya karya ta. A sami sifana mai zobe wadda ta zauna mata daram. A ɗiga mata kananzir ko man kwance tsatsa, a bar ta ta kwana. A ɗan bubbuga kanta. A murɗa kaɗan gaba, kaɗan baya, har ta saki. Idan ta karye a ciki, a kai wa makanike, kada a tona da ƙusa da guduma.

Wajen mayarwa, a goge zaren, a ɗan taɓa masa giris, shi kaɗai. A fara da hannu. Idan ta yi tauri tun farko, ta hau a karkace, a fito da ita a sake. A matse ta daidai, domin alminiyam yana da laushi, zarensa yana saurin cinyewa. A yi amfani da ƙusa irin ta asali, wadda ba ta tsatsa.

Jakar mai jirgi

Kada jirgi ya bar gaɓa ba tare da waɗannan ba: tsinke biyu ko uku, noti da washa, sifana, filaya, guntun katako, wuƙa, da farfela ta biyu ko da tsohuwa ce. A haɗa da filafili da gora, da rigar ruwa ga kowane fasinja. Kowace safiya, inji a kashe, a girgiza farfela da hannu, a dubi tsinke, a dubi anod. Minti biyar ya isa. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi don aji

1. Me ya sa ba a sa ƙusar kafinta a madadin tsinken farfela?
2. Mene ne ma'anar man giya fari-fari?
3. Yaushe ake sake anod?
4. Wane irin anod ya dace da ruwan garinsu ɗalibi?
5. Kowane ɗalibi ya je bakin ruwa, ya rubuto lambobin farfela guda ɗaya, ya kawo wa malami.