RUSHDU DA RIƘON AMANAR MATASA MASU GALAHANGA

 Darasin wannan mako ya shafi wata tambaya da ke hana iyaye da yawa barci: yaron da aka haifa da lalurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, ina makomarsa in ya girma, iyayen kuma ƙarfinsu ya ƙare ko ƙasa ta rufe musu ido?

Da farko ya kamata a san cewa galahanga ba hauka ba ce, ba kuma aikin iska ba. Bambanci ne cikin yadda ƙwaƙwalwa ke tasowa, wanda kan shafi magana, da cuɗanya da mutane, da jure ƙara ko canjin al'ada. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana siffofinta a 1943 bayan ya binciki yara 11. Masu ita hawa-hawa ne: wani yakan yi karatu mai zurfi, wani kuwa yana bukatar mai kula har ƙarshen rayuwarsa. Saboda haka ba a yi musu hukunci ɗaya.

Shari'a ta riga ta shimfiɗa hanya. A cikin Suratun Nisa'i, aya ta 5 ta hana a danƙa dukiya ga wanda bai iya tattalinta ba, amma ta wajabta a ciyar da shi, a tufatar da shi daga cikinta, a kuma yi masa magana mai daɗi. Aya ta 6 kuwa ta yi umurni da a riƙa jarraba marayu har su isa aure, in an ga rushdu a gare su, sai a miƙa musu abinsu. A mazhabar Imamu Malik, rushdu shi ne iya tsare dukiya da sarrafa ta yadda ya dace. Malaman fikihu sun bayyana cewa akan jarraba kowa ne da abin da ya saba, watau ɗan ɗan kasuwa da saye da sayarwa, ɗan manomi da sha'anin gona.

Daga nan ake fahimtar abubuwa uku.

Na ɗaya, jarrabawa tana farawa tun kafin balaga, kuma sannu a hankali. A koya wa yaro tsarki, da wanki, da dafa abinci mai sauƙi, da shiga mota, da ƙirga canji. A ba shi kuɗi kaɗan ya je shagon da aka san shi, in ya iya sai a ƙara. Masu galahanga sukan fi natsuwa da tsari marar sauyawa, lokutan salla biyar kuwa babban mataimaki ne wajen tsara musu yini.

Na biyu, a nema masa sana'ar da ta dace da abin da zuciyarsa ta fi karkata gare shi, ko ɗinki, ko kiwo, ko gyaran waya, ko aikin kwamfuta, a hannun maigida mai haƙuri wanda aka yi wa bayanin halinsa. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sa Abdullahi ɗan Ummu Maktum ladanci, ya kuma wakilta shi a kan Madina lokacin wasu tafiye-tafiyensa, alhali makaho ne. Lalura ba ta hana a ɗora wa mutum abin da zai iya.

Na uku, uba ya naɗa wasiyyi amintacce tun yana da rai, a gaban shaidu. Gadon mai galahanga cikakke ne, ba a rage masa ko anini. Ɗan'uwan da ya cinye rabonsa da sunan riƙo ya ci amana. Wanda kuma ya hana shi dukiyarsa bayan rushdu ya bayyana, ya zalunce shi.

Jama'ar unguwa su ma da nasu nauyi. Kada a kore shi daga sahu don yana kaɗa hannu ko maimaita magana, kada kuma a bar yara su mai da shi abin tsokana. Limamai su faɗakar a kan haka cikin huɗuba.

Allah Ya ba iyaye ladan haƙurinsu, Ya kuma datar da Musulmi ga riƙon amana, amin.