Amsar Tambaya: Rigar Nutso a Ruwan Sanyi

Wani ɗalibi mai koyon nutso a Ingila ya tambaya wace riga mai hana ruwa shiga ta dace da shi.

Shawara ita ce ya nemi ta yadi mai ruɓi uku. Ita kanta ba ta ɗumama jiki, kayan da aka sa a ciki ke yi. A tafkin Stoney Cove, inda ruwa kan sauka ƙasa da digiri 10 da hunturu, sai ya ƙara masu kauri, lokacin zafi ya rage. Ta robar neoprene tana da ɗumi, amma matsin ruwa kan danne ta a zurfi, ɗumin ya ragu.

Lallai ya fara koyon sarrafa iskar cikin rigar wajen malami, domin idan ta taru a ƙafafu takan wuntsila mutum.